Darasi na 14: Aikatau "Overrule" da Danginsa

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai koyo ya iya:

1. faɗin ma'anar kalmar *overrule* da sanin wanda ke da ikon aikata ta;
2. furta ta daidai, da rubuta ta a lokuta dabam-dabam;
3. bambanta ta da kalmomin da ke kama da ita;
4. mayar da jimlar da ke ɗauke da ita zuwa Hausa mai kyau.

Shiga darasi

Manoma biyu sun yi rigima a kan iyakar gona. Suka tafi gaban mai unguwa, ya saurare su, ya ce tsamiyar da ke tsakaninsu ta faɗa cikin gonar na gabas. Na yamma ya ce sam bai yarda ba. Ya yi faɗa a ƙofar gidan mai unguwa, ya yi a bakin kasuwa, ya koma gida ya ƙara. Duk da haka magana tana nan yadda aka yanke ta. Sai ya kai kukansa wurin dagaci. Dagaci ya kira dattawan da suka san iyakar tun zamanin kakanni, ya ji ta bakinsu, sannan ya ce maganar mai unguwa ba ta tsaya ba, tsamiya ta na yamma ce.

Mutum biyu ne suka ƙi hukuncin mai unguwa a wannan labari, manomi da dagaci. Ƙin manomi bai canza komai ba. Ƙin dagaci kuwa ya kawar da hukuncin gaba ɗaya. Turanci ya ba kowane ƙi kalmarsa:

*The farmer rejected the decision.*
Manomin ya ƙi amincewa da hukuncin.

*The village head overruled the ward head.*
Dagaci ya soke hukuncin mai unguwa.

Kalmar da ke cikin jimla ta biyu ita ce darasinmu na yau.

Ma'anar kalmar

*Overrule* na nufin wanda ke da iko ya soke shawara, ko hukunci, ko ƙorafin wanda ikonsa bai kai nasa ba. Kafin a yi amfani da ita sai abubuwa uku sun haɗu. Na farko, akwai maganar da wani ya riga ya yanke ko ya gabatar. Na biyu, akwai wanda ke sama da shi a kan wannan al'amari. Na uku, na saman ya yi aiki da ikonsa ya ce maganar ba za ta zauna ba.

Hausawa na cewa gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Wannan karin magana ya kama zuciyar kalmar. Duk inda ka ga *overrule* a jarida ko a takardar ofis, ka tambayi kanka: wa ke gaba da wa? Idan ka sami amsar, ka fahimci rabin labarin tun kafin ka karanta sauran. Shugaban makaranta zai iya yi wa malamin aji, malamin aji ba zai yi wa shugaba ba. Kotun sama za ta yi wa ta ƙasa, ta ƙasa ba ta da wannan hurumi. Kalmar daga sama take gangarowa, kamar ruwan indararo.

Ba dole ne na saman ya zama mutum ɗaya ba. A cikin kwamiti ko ƙungiya, rinjaye shi ne ke sama. Idan ma'ajin ƙungiyar manoma ya ce a ajiye kuɗi a banki, sauran 'yan kwamiti suka ɗaga hannu suka ce a sayi taki, ma'ajin zai iya cewa:

*I was overruled by the committee.*
Kwamiti ya yi watsi da shawarata.

A nan sarkin yawa ne ya fi sarkin ƙarfi, kuma ƙa'idar ƙungiya ce ta ba yawan wannan iko.

Yadda aka gina kalmar

Kalmomi biyu aka haɗa: *over* da *rule*. *Rule* idan suna ce tana nufin doka, ko ƙa'ida, ko mulki. Idan aikatau ce tana nufin yin mulki ko yanke hukunci. Daga gare ta aka sami *ruling*, wato hukuncin da alƙali ya yanke, da *ruler*, wato mai mulki. Ita dai *ruler* ɗin ce kuma sunan katakon jan layi, wanda muka ara muke cewa rula.

*Over* ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. A tasha muna jin obalodi idan an yi wa mota lodin da ya wuce ƙa'ida, ma'aikata kuma suna maganar kuɗin obataim idan sun zarce lokacin tashi. A waɗannan kalmomi *over* tana nufin wuce kima. Wannan ne ke sa wasu masu koyo su ɗauka *overrule* na nufin yin mulki fiye da kima ko danniya. Ba haka ba ne. *Over* tana da wata ma'ana, wato a sama ko a kan, kuma ita ce a nan: yanke hukunci a kan hukuncin wani. Kalmar ba ta yabo, ba ta zargi. Mai adalci yana yin ta, azzalumi ma yana yi. Abin da kawai take faɗa shi ne na sama ya kawar da maganar na ƙasa.

Furuci da rubutu

Gaɓoɓi uku gare ta, kusan kamar a ce o-va-rul. Hausa ba ta da sautin *v*, shi ya sa bakinmu ke mayar da shi b. Don a furta shi daidai, a ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, a saki iska tare da murya. Nauyin murya yana faɗawa a kan gaɓar ƙarshe, wato rul, kuma ana ɗan jan wasalinta. Harafin *e* na ƙarshe ba a furta shi.

Wurin rubutu a lura da harafin *r*. Guda biyu ne a jere, ɗaya na ƙarshen *over*, ɗaya na farkon *rule*. Wanda ya rubuta da *r* ɗaya ya yi kuskure. Kuma a haɗe ake rubuta ta, babu tazara ko karan ɗori a tsakani.

Sarrafa ta a lokuta

*Overrule* tana cikin aikatau masu bin ƙa'ida, don haka ba ta da wahala.

Lokaci sabau:
*The chairman often overrules the secretary.*
Shugaba yakan soke shawarar sakatare.

Lokaci shuɗaɗɗe:
*The principal overruled the teacher yesterday.*
Jiya shugaban makaranta ya soke hukuncin malamin.

Lokaci mai ci:
*The board is overruling the manager again.*
Hukumar gudanarwa tana sake soke shawarar manaja.

Lokaci na gaba:
*The court will overrule the objection.*
Kotu za ta yi watsi da ƙorafin.

Korewa:
*The judge did not overrule him.*
Alƙali bai yi watsi da maganarsa ba.

A lura da abu biyu. Idan za a ƙara *ing*, sai a jefar da *e* ta ƙarshe. Sannan bayan *did not* ko *will*, kalmar tana komawa siffarta ta asali, ba a ƙara mata *d*.

Aikatau ce so-karɓau, wato tana buƙatar abin da aikin ya faɗa a kansa. Ba a cewa *The chairman overruled* a yi shiru, domin mai sauraro zai tambaya: wa, ko me? Kuma karɓau yana biyo ta kai tsaye, babu *on* ko *against* a tsakani.

Tarkon da ke cikin fassara

A Turanci karɓau na iya zama mutum, yana kuma iya zama shawarar da mutumin ya yanke. Duk waɗannan jimloli daidai ne, kuma ma'anarsu ɗaya:

*The director overruled the manager.*
*The director overruled the manager's decision.*

Hausa ba ta yarda da wannan sauƙi ba. Idan ka fassara jimla ta farko kalma da kalma ka ce darakta ya soke shi, Bahaushe zai zaro ido ya tambaye ka da wuƙa ko da mashi. Idan ka ce darakta ya soki manaja, za a ɗauka ya kushe shi ne da baki. Ba ko ɗaya jimlar ke nufi ba. A Hausa dole a fito da abin da aka soke: darakta ya soke shawarar manaja, ko ya yi watsi da umarninsa, ko ya rushe hukuncinsa. Don haka duk lokacin da sunan mutum ya biyo bayan *overrule*, mai fassara ya nemo kalmar da Turanci ya ɓoye, ko shawara ce, ko umarni, ko hukunci, ko ƙorafi, ya sa ta a wurinta.

Akwai kuma siffar da jaridu suka fi so, inda ake fara jimla da wanda aka yi wa aikin:

*The decision was overruled.*
An soke hukuncin.

Wannan "an" tamu ta dace da ita sarai idan ba a ambaci wanda ya yi aikin ba. Amma idan Turanci ya ambace shi bayan kalmar *by*, sai mu ɗauko shi mu kai shi farkon jimla:

*The doctor was overruled by the hospital board.*
Hukumar asibiti ta soke shawarar likitan.

Kada a ce an soke shawarar likita ta hannun hukuma ko daga hukuma. Wannan Turanci ne sanye da rigar Hausa.

A zauren kotu

Inda aka fi jin wannan kalma da kunne shi ne kotu. Lauya yana yi wa mai shaida tambaya, sai lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe ya ce *Objection, my Lord*, wato yana ƙalubalantar tambayar, yana ganin ta saɓa wa ƙa'idar shari'a. Alƙali yana da amsa biyu.

Idan ya ce *Objection sustained*, ya karɓi ƙorafin. Tambayar ta faɗi, mai shaida ba zai amsa ba.

Idan ya ce *Objection overruled*, ya yi watsi da ƙorafin. Tambayar tana nan, kuma mai shaida zai amsa.

Mutane da yawa da ke zuwa sauraron shari'ar ɗan'uwansu suna rikicewa a nan. Da sun ji *overruled* sai su ɗauka mai tambaya ne aka tsayar. A tuna cewa ƙorafin ne aka ture, ba tambayar ba. Wanda ya miƙe ya yi ƙorafi shi ne zai koma ya zauna. Haka kuma wannan ba ƙarshen shari'a ba ne. Ƙaramin hukunci ne a kan tambaya ɗaya ko takarda ɗaya, kuma lauyan da aka yi watsi da ƙorafinsa sau goma yana iya yin nasara a ƙarshe.

Lauyoyi suna da wani amfani na musamman da kalmar. A tsarin shari'ar da Najeriya, Ghana da Amurka suka gada daga Ingila, hukuncin babbar kotu yana zama abin koyi ga kotunan da ke ƙarƙashinta. Idan daga baya, a wata shari'a dabam, babbar kotun ta ga tsohuwar ƙa'idar kuskure ce, tana iya kawar da ita. Wannan ma *overrule* ake ce masa.

Sanannen misali daga Amurka yake. A shekarar 1896, a shari'ar Plessy da Ferguson, Kotun Ƙolin ƙasar ta halatta raba baƙaƙe da fararen fata a taragon jirgin ƙasa, muddin dai an ce wuraren daidai suke. A kan wannan hukunci jihohi da dama suka dogara suka raba makarantu da sauran wuraren jama'a. Bayan shekara 58, a ranar 17 ga Mayu 1954, a shari'ar Brown da Hukumar Ilimi ta Topeka, alƙalan kotun su tara suka haɗu a kan cewa raba yara a makarantun gwamnati saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. Littattafan Turanci sukan bayyana abin da ya faru da jimla irin wannan:

*The Supreme Court overruled its earlier decision.*
Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin da ta yanke a baya.

Mai koyo zai iya tambaya: to ina na sama a nan, tunda kotu ɗaya ce? Amsa ita ce babu wata kotu a samanta, don haka ita kaɗai ke da ikon gyara maganarta.

Dangin kalmar

*Overturn.* Asalin ma'anarta kifarwa, kamar yadda mota ko kwalekwale ke kifewa. A shari'a tana nufin kotun sama ta rushe hukuncin kotun ƙasa a cikin shari'a guda bayan an ɗaukaka ƙara. Takardun kotu sun fi amfani da *set aside*, wadda kafofin labarai na Hausa ke fassarawa da jingine hukunci. Kishiyarsu ita ce *uphold*, wato tabbatar da hukunci.

Shari'ar zaɓen gwamnan Kano na 2023 ta tara waɗannan kalmomi wuri ɗaya. A ranar 20 ga Satumba 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Abba Kabir Yusuf, ta ce Nasiru Yusuf Gawuna ne ya ci. A ranar 17 ga Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bar hukuncin a yadda yake. A ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin kotunan biyu, ta tabbatar da Abba a kujerarsa. Da Turanci sai a ce:

*The Court of Appeal upheld the judgment.*
*The Supreme Court overturned it.*

A maganar yau da kullum da kanun jaridu ana musanya *overrule* da *overturn*, kuma ba wanda zai ce an yi laifi. Amma akwai bambanci ɗaya da ya kamata a riƙe: *overturn* hukunci take bi, ba mutum ba. Ana *overrule* ɗin alƙali, amma ba a *overturn* ɗinsa, sai dai hukuncinsa.

*Veto.* Kalmar Latin ce mai nufin na hana. Ita ce abin da rediyo ya saba mana da shi da sunan hawa kujerar naƙi. Bambancinta da *overrule* shi ne mai ita yana tsayar da abu ne tun bai zama doka ba, kuma ba sai ya fi kowa matsayi ba, ya isa a ce doka ta ba shi wannan dama. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya yana da ƙasashe 15, amma biyar ne kawai ke da kujerar dindindin: Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin. Idan ɗaya daga cikinsu ta ce a'a a kan muhimmin ƙuduri, ƙudurin ya faɗi ko da sauran 14 sun amince. Shuɗaɗɗen lokacin *veto* shi ne *vetoed*.

*Override.* Wannan tana nufin tsallake hanin wani a zartar da abu duk da ƙinsa. Sashe na 58 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya sa hannu a kan ƙudurin doka ko ya ƙi. Idan ya ƙi, Majalisar Dattawa da ta Wakilai suka sake amincewa da ƙudurin da rinjayen kashi biyu cikin uku a kowace majalisa, ya zama doka ba tare da sa hannunsa ba. Haka aka yi a shekarar 2000, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, a kan dokar kafa Hukumar Raya Yankin Neja Delta.

*The National Assembly overrode the President's veto.*
Majalisar Tarayya ta zartar da dokar duk da ƙin shugaban ƙasa.

A lura cewa *override* ba ta bin ƙa'ida: *override*, *overrode*, *overridden*.

*Reject* da *refuse.* Waɗannan na kowa ne, ba sa buƙatar muƙami. Yaro zai iya ƙin abinci, ma'aikata za su iya ƙin tayin albashi. *Reject* suna take ɗauka kai tsaye, *refuse* kuma sau da yawa *to* da wani aikatau ke biyo ta:

*The workers rejected the offer.*
*The workers refused to sign.*

Masu kama da ita a ido

Akwai kalmomi biyu da ke yaudarar mai koyo saboda suna ɗauke da *rule*. *Rule over* tana nufin mulkar ƙasa ko jama'a, kamar a ce Sarauniya Amina ta mulki Zazzau. *Rule out* kuma tana nufin cire abu daga lissafi, kamar likita ya gwada jini ya ce ba zazzaɓin cizon sauro ba ne. A *rule over* da *overrule* kalmomi iri ɗaya ne aka juya, amma ma'ana ta yi nisa:

*The king ruled over the town.*
Sarki ya mulki garin.

*The king overruled the town council.*
Sarki ya soke shawarar majalisar garin.

A filin wasa

Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san wannan aiki ko da ba su san sunansa ba. Mataimakin alƙalin wasa ya ɗaga tuta ya ce an yi satar gida, alƙalin tsakiya da ya fi shi ganin abin da ya faru ya yi masa nuni da hannu ya ce a ci gaba. Mai sharhi zai ce:

*The referee overruled his assistant.*

Tun da aka fara amfani da na'urar VAR a Gasar Cin Kofin Duniya ta 2018 a Rasha, kalmar ta ƙara yawa a bakin masu sharhi. Sai dai a ƙa'idar wasan, waɗanda ke zaune gaban na'urar shawara suke bayarwa, hukuncin ƙarshe yana hannun alƙalin da ke cikin fili. Shi ya sa ƙwararrun marubuta labarin wasanni suka fi cewa *The decision was overturned*, wato an sauya hukuncin bayan duba hoto, tunda na'urar ba ta gaba da alƙali.

Tattaunawa a aji

Dattijo: Malama, ina da tambaya. Jikana ya ce zai bar makaranta ya kama acaɓa, ubansa ya amince, ni kuwa na ce ban yarda ba. Wace kalma ce tawa?

Malama: To Baba, da kuka ce ba ku yarda ba, me ya biyo baya?

Dattijo: Me kuwa zai biyo baya? Ubansa ya sunkuyar da kai, yaro ya ɗauki jakarsa ya koma aji.

Malama: Ai kuwa kalmar yau taku ce, Baba. Sai ku ce *I overruled my son*.

Wata ɗaliba: Malama, ni kuma maigidana ya ce a sayar da akuyata a yi gyaran ɗaki, na ce ban yarda ba, kuma ba a sayar ba. Ni ma zan faɗi haka?

Malama: Hajiya, akuyar ta wace ce?

Ɗaliba: Tawa ce, da kuɗin adashina na saya.

Malama: To ba hukuncinsa kika soke ba, domin tun farko ba shi da hukunci a kan dukiyarki. Shawara ya kawo, kika ƙi. Taki ita ce *I refused*, ko *I rejected the idea*.

Dattijo: Ashe dai sai an san mai abu kafin a zaɓi kalma.

Malama: Haka ne, Baba.

Ladabin amfani da ita

Kalma ce mai nauyi, ta ofis da kotu da taro. Idan ƙaramin ma'aikaci ya ce wa shugabansa *I overrule you*, ya yi kuskuren Turanci, ya kuma yi rashin kunya. Abin da ya dace da shi shi ne *I disagree, sir*, wato ra'ayina ya bambanta, ranka ya daɗe. Idan kuma yana son a canza hukuncin, sai ya kai maganar gaba. Wannan shi ne *appeal*, ɗaukaka ƙara. Na ƙasa yana *appeal*, na sama yana *overrule*: manomin farkon darasinmu ya yi na farko, dagaci ya yi na biyu.

Aikin aji

A. Cike gurbi da kalmar da ta dace daga cikin waɗannan: *overruled*, *overturned*, *vetoed*, *rejected*, *upheld*.

1. *The judge ______ the lawyer's objection, so the witness answered the question.*
2. *The traders ______ the new market fee, but they still had to pay it.*
3. *One permanent member ______ the resolution.*
4. *The higher court agreed with the lower court and ______ the judgment.*
5. *The sentence was ______ on appeal, and the man went home.*

B. Gyara kuskuren da ke cikin kowace jimla.

1. *The principal overuled the teacher.*
2. *The chairman did not overruled the committee.*
3. *The court overruled on the objection.*
4. *The board is overruleing the manager.*

C. Mayar da waɗannan zuwa Hausa. A tuna da fito da abin da aka soke.

1. *The district head overruled the village head.*
2. *The nurse was overruled by the doctor.*
3. *Nobody can overrule the Supreme Court.*

D. Mayar da waɗannan zuwa Turanci.

1. Alƙalin wasa ya yi watsi da hukuncin mataimakinsa.
2. An soke shawarata a taron jiya.
3. Shugaba ba zai soke shawarar kwamiti ba.

E. Amsa da baki. A cikin kowane biyu, wa zai iya yi wa wani *overrule*, kuma me ya ba shi wannan iko?

1. Hakimi da dagaci.
2. Kotun majistare da babbar kotun jiha.
3. Sarkin kasuwa da mai tebur a kasuwa.
4. Shugaban ƙungiya da babban taron 'yan ƙungiya.

Aikin gida

Tuna wani lokaci da aka yanke magana a gidanku, ko wurin sana'arku, ko ƙungiyarku, sannan wani na gaba ya zo ya canza ta. Rubuta labarin da Hausa cikin jimla biyar ba tare da ambaton sunan kowa ba. Daga nan zaɓi jimlar da ke nuna inda aka soke maganar, ka mayar da ita Turanci da kalmar *overrule*. A zo da shi darasi na gaba, kowa zai karanta nasa a gaban aji.